Kududdufan Kano da Darasin Ramin Kwal

Duk ƙasar da aka ɗora aka yi ganuwar Kano daga gefenta aka haƙo ta. Haka ma soraye da zauruka da katangun cikin birni, tun daga Gidan Rumfa har ɗakin talaka a Yakasai ko Mandawari: kowane tubali da ka gani a sama ya bar gurbinsa a ƙasa. Tarihin Kano ya nuna Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ginin ganuwa, sarakunan da suka biyo baya suka yi ta ƙari, musamman Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15. Da Turawa suka ci Kano a 1903, Gwamna Lugga ya ƙiyasta tsayinta ƙafa 30 zuwa 50, kaurin gindinta kuwa ƙafa 40. Shimfiɗa wannan a kan mil goma sha wani abu, sannan ka tuna babu tifa babu katafila, sai fartanya da kwando da mangala a bayan jaki.

Ramukan da wannan aiki ya bari su ne kududdufai. Baturen nan matafiyi Clapperton, da ya shigo Kano a 1824, ya rubuta cewa wata babbar fadama ta kusa raba birnin gida biyu, Jakara ke nan, ga kuma tafkunan ruwa kwance birjik waɗanda haƙar ƙasar gini ta haifar. Bai yaba da warinsu ba. Tun kafin ganuwar ma, tama ce ta tara maƙera a gindin Dala. To, da injiniyan ma'adinai zai dubi taswirar cikin badala ya ajiye tarihi da sarauta gefe, abin da zai gani shi ne tsohuwar mahaƙa buɗaɗɗiya da aka shekara ɗari tara ana aiki a cikinta, jama'a na kwana a tsakiyarta.

Abu biyu ne ke hana masu haƙar kwal barci a duk duniya. Na farko, yadda za a hana tulin da aka tono ya zubo a kan mutane. Na biyu, yadda za a yi da ramin bayan an kwashe abin da ake nema. Sun koyi amsar da rayukan jama'a masu yawa, har ta zama doka. Kano kuwa yau tana tsakiyar mataki na biyu, tana rufe ramukanta ɗaya bayan ɗaya, amma ba ta kallon littafin da wasu suka riga suka biya kuɗinsa.

Kwal da hanyarsa zuwa Kano

Ba a haƙar kwal a Kano, amma Kano ta ci moriyarsa. An gano shi a yankin Udi kusa da Inugu a 1909, aka fara fitar da shi gadan-gadan a 1916, kuma shi ne abincin jiragen ƙasa masu hayaƙi da suka riƙa kwasar gyaɗa da fatu daga Kano zuwa bakin teku, kafin injin mai shan gas ya ture su. A ƙarshen shekarun 1950 abin da ake haƙowa ya kai wajen tan dubu 900 a shekara. Kwal ɗin Inugu a ƙarƙashin ƙasa aka riƙa bin sa. Wanda ya fi kusa da mu a yau kuwa buɗe shi ake yi ta sama: Maiganga a ƙaramar hukumar Akko ta jihar Gwambe, inda kamfanin siminti na Ashaka ke ɗiba don ƙona siminti, har aka tashi mutanen ƙauyen aka sake musu matsuguni, da Okaba a jihar Kogi, da Anu Araren kusa da Cirozerin a jihar Agadas ta Nijar, inda kamfanin SONICHAR da aka kafa a 1975 ke haƙa yana ba mahaƙan yuraniyom na Arlit da garin Agadas wutar lantarki.

Yadda ake aikin ba shi da wuyar fahimta. Kwal yana kwance ne shimfiɗe a ƙarƙashin ƙasa da dutse. Sai a yaye duk abin da ke kansa, wanda sau da yawa ya ninka kwal ɗin kansa yawa, a tara gefe. Ƙasa kuma in an tono ta kumbura take yi, takan ƙaru da kamar kashi ɗaya cikin huɗu, don haka tulin ya fi ramin da ya fito daga ciki girma. Kafin a sayar da tan ɗaya na kwal, an riga an yi tsauni da kwari a inda jiya gonar dawa ce.

Tuli ba dutse ba ne

Wanda bai sani ba, in ya ga tulin ƙasa ya shekara goma har ciyawa ta rufe shi, sai ya ɗauke shi tudu irin na Allah. Mutanen Aberfan, wani ƙauyen masu haƙar kwal a yankin Wales na Birtaniya, sun zauna a gindin irin wannan tuli shekara da shekaru. Ranar Juma'a 21 ga Oktoba 1966, da safe yara sun shiga aji ke nan, tuli na bakwai ya narke ya gangaro ya rufe makarantar firamare ta Pantglas da gidajen da ke kusa. Mutum 144 suka mutu, 116 daga cikinsu yara ne. Kwamitin bincike ya gano an jibge tulin a kan idon ruwa, an kuma yi kwanaki ana sheƙa ruwan sama, mutanen gari kuma sun sha kai kuka kafin ranar. Laifin ya hau kan hukumar kwal ta ƙasar, kuma a 1969 Birtaniya ta yi doka ta musamman a kan tulin mahaƙai kaɗai.

Abin lura a nan ruwa ne. Busasshiyar ƙasa tana da iyakar gangaren da za ta iya tsayawa a kai, wajen digiri 35, in an wuce nan sai ta zubo da kanta. Amma in ruwa ya shiga tsakanin ƙwayoyinta ya rasa mafita, sai ya ɗauke nauyin da ke haɗa su, tulin da ya tsaya ƙyam jiya ya koma kunu. Shi ya sa a mahaƙar da ta san aikinta, kafin a zuba tifa ɗaya ana duba inda ruwa ke bi, a yi masa hanya ta ƙarƙashi da ta gefe, a zuba ƙasar hawa-hawa da matakala, a bar tazara tsakanin gindin tuli da gidan mutane. Kullum kuma akwai mai zagayawa yana neman tsaga a saman tulin, ko kumburi a gindinsa, ko ruwa mai laka da ke tsattsafowa inda da babu.

Tulin kwal ɗin kansa yana da nasa sharrin. Kwal in ya sha iska zafi yake yi a hankali, in zafin bai sami hanyar fita ba sai ya kama wuta daga ciki ba tare da ashana ba. Maganinsa a danne shi da katafila don iska ta rasa ƙofa, a riƙa auna zafinsa, a fara kwasar wanda ya riga zuwa. Wani haɗarin ya fi wannan wayo. A manyan mahaƙai ta ƙasan tuli ake zuƙe kwal zuwa bel ɗin da ke kai shi injin. Wani lokaci saman ya daskare ya yi gada, cikin kuwa ya zama kogo. Direban katafila ya hau yana zaton a kan tudu yake, sai ƙasa ta buɗe ta haɗiye shi da motarsa. Don haka ba a barin kowa ya taka saman tuli da ƙafa ana zuƙa, ana kafa alama a daidai bakin mazurarin, motar kuma akan sa mata gilashi mai ƙarfi da iskar shaƙa ta ko-ta-kwana.

Mai karatu a Gwale ko Dala zai ce wannan ai labarin Turawa ne. Ya je bayan gari inda ake ɗibar ƙasar gini ko yashi ya tsaya minti goma. Ƙasa mai kyau, mai danƙo, takan kasance a ƙasan gaɓa, sai matasa su bi ta suna ƙwaƙule gindi, saman ya yi musu rumfa. Da rana ta take, nan ƙarƙashin rumfar suke zama su sha inuwa, su ci rogo da ƙuli. Tifa kuma ta matso har bakin gaɓar da baya, injin na kaɗawa, don a rage wa masu shebur nisa. Duk abin da littafin mahaƙa ya hana, ga shi an haɗa wuri ɗaya: ƙwaƙule gindi, ɗora nauyi a baki, zama a ƙarƙashi. Ba a rasa jin labarin rami ya rufta da masu ɗibar ƙasa a ƙauyukan Kano, a yi jana'iza a ce kwana ya ƙare. Kwana kam ya ƙare, amma gaɓar da aka sassaƙe ta kwanta ba ta ruftawa. A Nijar ma, a Nuwamban 2021, ramin zinariya ya rufta a Garin Liman kusa da Ɗan Isa a jihar Maraɗi, mutum aƙalla 18 suka rasu.

Aikin da kududdufi yake yi

Kakanninmu ba su rubuta tsarin farfaɗo da ƙasa ba, amma ramin da suka bari bai zauna banza ba. Kusan duk ruwan shekara a Kano cikin wata huɗu yake sauka, mafi yawansa a Yuli da Agusta, sau da yawa kamar da bakin ƙwarya. Indararo ya zuba a lungu, lungu ya miƙa wa kwata, kwata ta kai kududdufin unguwa. In ya cika ya tumbatsa sai ya miƙa wa na gaba, har ruwan ya isa Jakara, wadda ke ɗauke shi ta fita da shi arewa maso gabas zuwa dam ɗin Wasai a Minjibir. Kowane kududdufi na riƙe nasa kason na wasu awanni ko kwanaki, don haka ruwan bai taɓa isa Jakara gaba ɗaya a lokaci guda ba. Wanda ya zauna kuma yana tsuma cikin ƙasa yana ciyar da rijiyoyin gidaje.

Lissafin mai sauƙi ne. Ruwan sama na milimita 50 a kan hekta ɗaya lita dubu 500 ne, wato tankar mai goma sha biyar. A da tsakar gida ƙasa ce, lungu ƙasa ne, akwai gonaki da filaye a cikin ganuwa, suna shanye rabonsu. Yau rufin kwano ne da daɓen siminti da intalok, ɗigon da ya sauka sai ya nemi hanya.

Da rani kuma kududdufi wurin sana'a ne. Nan magina ke kwaɓa ƙasa da ciyawa su mulmula tubali su jera a rana. Nan ake wanki, ake shayar da dabbobi, yara su kama tarwaɗa, agwagi su yi ta iyo cikin kainuwa. In damina ta ci katanga, daga ramin ake ɗebo ƙasar yaɓe, ramin ya ƙara zurfi, ya ƙara cin ruwa baɗi.

Kada dai a yi masa kwalliyar da ba tasa ba. Kududdufi gidan sauro ne, yaran da ke wanka a ciki suna kamuwa da tsargiya, kuma hukumar kashe gobara ta Kano ba ta rabuwa da sanarwar ciro gawar yaro ko matashi daga ruwa. Da unguwanni suka cika, ruwan wanka da na masai da jini daga mahauta duk nan suka nufa, leda ta rufe samansa. Uwar da gidanta ke bakin irin wannan ruwa, in ta ji za a cike shi ta yi hamdala, ba wanda zai ga laifinta.

Yadda ake ciko, da yadda ya kamata

Abin da ke faruwa a zahiri kowa ya san shi. Da farko bakin kududdufi ya zama bola. Masu baro su juye, maƙwabta su juye, shekara biyar bola ta ci kamu goma cikin ruwa. Sai wani mai ido ya turo tifa da ɓaraguzan rusau, a watsa jar ƙasa a sama, a kafa turaku. Dillali ya kawo mai saye ya buga ƙafa a ƙasa: "Alhaji, taka ka ji, wurin nan ya daɗe da kwanciya." Kafin damina biyu an ɗora bene, ƙasa shaguna sama ɗakunan haya.

Abin da ke ƙarƙashin fandishon kuwa taɓo ne na shekara ɗari da ba a kwashe ba, da leda, da tsumma, da ragowar abinci da ke ci gaba da ruɓewa. Abin da ya ruɓe raguwa yake yi, kuma ba daidai yake raguwa ba, wani ɓangare ya riga wani sauka. Sai ka ga tsaga ta taso daga kusurwar taga ta nufi sama a karkace, ƙofa ta daina rufuwa, danshi ya hau bango har ƙugu, fenti na ɓarewa ana sakewa. Ruwan da aka kora kuma bai bar unguwar ba. Ya koma gidan maƙwabci na ƙasa wanda kakansa ya gina da tubali, ya jiƙa gindin katangar har ta zauna. Wanda ya sayar da fulotin ya daɗe da cin kuɗinsa. Wanda ɗakinsa ya faɗi bai ma san da cinikin ba. Ko a wajen ganuwa, ambaliyar da ta shiga Kantin Kwari a daminar 2022 ta lalata atamfofi da yadudduka, 'yan kasuwar da kansu gine-ginen da aka yi a kan hanyar ruwa suka nuna da yatsa.

A mahaƙar kwal da ake bin doka, rufe rami sana'a ce mai zaman kanta, kuma tun ranar da aka fara haƙa ake fara ta. Ƙasar sama, wadda ke da taki da iri da ƙwayoyin rai, daban ake yaye ta a ajiye, ba a tula ta da tsayi don kada ta mutu, a shuka mata ciyawa ta riƙe ta. Dutsen da ke da sinadarin da in ya haɗu da ruwa da iska yake tsatsa ya mai da ruwa tsami, can ƙasa ake binne shi a rufe da yumɓu. Ciko kuma hawa-hawa ne, kowane hawa kamar taƙi ɗaya, a yayyafa ruwa a bi da abin daddanna ƙasa kafin a ƙara wani. Sai a gyara gangaren yadda ruwa zai bi ba tare da ya yi zaizaya ba, a mayar da ƙasar sama, a yi shuka, a zuba ido shekaru ana aunawa. Ko bayan duk wannan, injiniya ba ya yarda a ɗora gini mai nauyi sai an haƙa an gwada ƙasar. A wurare da yawa ma ba a cike ramin ƙarshe. A gabashin Jamus tsofaffin ramukan kwal na yankin Lausitz tafkuna aka mai da su da gangan, bayan an kwantar da gaɓoɓinsu.

Abin da ya sa kamfani ke yin wannan wahala ba tsoron Allah ba ne kaɗai. A Amurka dokar 1977, wadda Shugaba Jimmy Carter ya sa wa hannu, ta ce kafin a ba ka izinin haƙa sai ka ajiye kuɗin jingina da zai isa a gyara wurin in ka gudu, kuma ba za a mayar maka ba sai ciyawa ta kama. Dokar ma'adinai ta Najeriya ta 2007 ita ma ta tanadi tsarin gyaran ƙasa, da asusun da mai haƙa zai zuba kuɗi, da yarjejeniya tsakaninsa da al'ummar wurin. A takarda ba mu da talauci.

Wanda ke son ganin abin da ke faruwa in babu jingina, ya je Jos. Dubban Hausawa, har da waɗanda aka kwasa ɗiban gwamna a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sun yi aikin kuza a can. Kamfanonin sun tafi, suka bar ɗaruruwan ramuka cike da ruwa da tsibin ƙasa a Bukuru da Barikin Ladi da kewaye. An daddasa itacen turare a kan wasu tulin, wasu ramukan manoman rani na ban ruwan dankali da tumatir da su, na Rayfield ya zama wurin shaƙatawa, sauran kuwa har yau suna cin mutane da shanu.

Abin da ya rage a cikin badala

Gwamnatoci a Kano sun fi son maganin siminti. An ɗaure Jakara cikin lambatu, aka fara shimfiɗa titin Wuju-Wuju a kanta a zangon mulkin Rabi'u Musa Kwankwaso na biyu, aikin da ya daɗe yana tafiyar hawainiya. Lambatu yana da amfani, amma aikinsa gaggauta ruwa ne, ba riƙe shi ba. Abin da ya kwashe daga wata unguwa a wata yake sauke shi, in kuma leda ta toshe kwalbati ɗaya sai ya dawo da baya. A 2023 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta ce za ta yi amfani da ɓaraguzan gine-ginen da ta rushe wajen tayar da badala. Ganuwar dai tana cikin jerin wuraren da Najeriya ta miƙa wa UNESCO tun 2007 tana neman a amince da su a matsayin wuraren tarihi na duniya. Sai dai ana maganar katangar ana mantawa da ramin da ke gefenta, alhali tare aka haife su.

A ganina ba kowane kududdufi ne ya cancanci a bar shi ba, ba kuma kowanne ne ya halatta a cike ba, kuma bai kamata dillali ne zai yanke hukuncin ba. Hukumar tsara birane ta KNUPDA da ma'aikatar muhalli suna iya ƙirga waɗanda suka rage a Dala da Gwale da Birni, su auna yawan ruwan da kowanne ke ɗauka a Agusta. Masu unguwanni sun san sunan kowanne da inda yake zubarwa, dattawa kuma sun san gidajen da ke zaune a kan waɗanda suka ɓace. Wanda ruwan unguwa ya dogara da shi a yashe shi, a kwantar da gaɓarsa, a kewaye shi, a raba shi da ruwan masai, hukumar kwashe shara ta REMASAB ta ajiye wa mutane wurin zuba shara don kada su koma masa. Wanda za a cike a kwashe taɓon tukuna, a yi cikon da burji, a fitar wa ruwa hanya kafin tifa ta farko, kuma ya fi dacewa da filin wasan yara ko makarantar allo mai rumfa, ba bene mai hawa uku ba. Takardar kowane fuloti da ke kan ciko ta faɗi haka ɓaro-ɓaro, mai saye ya san abin da ya saya.

Akwai kuma sababbin ramuka da ake haƙa yanzu haka a gefen gari, ta Kumbotso da Ungogo da Gezawa da Dawakin Kudu, inda ake ɗibar burji da yashi don tituna da rukunin gidaje. Katafila na yin a wata ɗaya abin da jakai suka yi a shekara hamsin, gaɓoɓin a tsaye suke kamar bango, zurfin ya fi na kowane kududdufin cikin birni. Izinin haƙa na Abuja ne, ƙasar kuma a hannun gwamna take bisa dokar mallakar ƙasa ta 1978, sai kowane ɓangare ya riƙa jiran ɗaya. Yadda Kano ke faɗaɗa, nan da shekara ashirin waɗannan ramuka a tsakiyar unguwanni za su kasance. Mai ɗibar burjin yana nan tukuna, tifofinsa na shiga suna fita kullum, akwai mai karɓar kuɗin kowace tifa a bakin hanya. Daga cikin kuɗin nan ya kamata a fara ware na sassaƙe gaɓa da na shinge, tun ana sanin lambar motarsa.